Kitsen Bakin Jijiya

Da godiya ga Allah nake farawa, wanda ya tayar mini da maigidana bayan mun fara fitar da rai. Yau kusan shekara guda da dawowarmu daga asibiti. Yana cin tuwonsa da hannunsa, yana fita kasuwa, sai dai yakan gaji da wuri. Na zauna rubuta wannan ne saboda mata irina masu adana naman layya, da kuma saboda wani bawan Allah da aka ɗora wa laifin da ba nasa ba ina tsaye ina kallo.

Sunana Hauwa'u, Kulu ake ce mini. A gidan mahauta aka haife ni a nan Talata Mafara, gidan mahauta kuma aka kai ni aure. Sunan maigidana ba zai fito daga bakina ba, amma a kasuwa Na-Faru suke kiransa, don daga garin Faru kakanninsa suka taso. Yana da ƙane guda, Mamman, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma mahauci. Mahaifiyarsu, Inna, tana nan da ranta, mace mai kyauta da saurin yanke hukunci. Ni kuwa aibina tambaya. Tun ina ƙarama idan Baba yana feɗe akuya nake tsugunawa kusa da shi, wannan fa mene ne, wancan ina ya nufa, har ya gaji ya ce in tashi in ba shi wuri.

Kafin Babbar Sallah 'yan'uwan biyu sun yi saɓani a kan rumfar da mahaifinsu ya bari a kasuwa. An ɗaga murya, kowa ya ji. Dattawa suka shiga suka sasanta su. Mako uku bayan Sallah, ranar wata Litinin, suka hau babur ɗaya zuwa Faru duba wani sa. A hanya Mamman ya sayi fura da nono wajen wata Bafulatana, suka sha a ƙwarya ɗaya. Ku riƙe furar nan, don ita aka kama.

Washegari Talata, ranar kasuwarmu, sai ga maigida ya shigo gida kafin azahar. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganinsa a gida ranar Talata da rana ba. Ya zauna a kan turmi yana murza ido.

"Kulu, yuƙa biyu nika gani ga hannuna. Saura kaɗan in yanke yatsa."

Na yi dariya na ce to ya yanka da guda ya ajiye guda. Har yau idan na tuna dariyar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Kafin magariba fatar idanunsa ta fara sauka kamar mai jin barci, sai ya sa yatsa ya ɗaga sannan ya gan ni. Bakinsa ya bushe ƙamas. Babu zazzaɓi, babu ciwon kai. Mai kemis na bakin layinmu ya ce maleriya ce ta ɓoye, ya yi masa allura. Ranar Laraba murya ta koma ta hanci. Ranar Alhamis na ba shi ruwa, ruwan ya dawo ta hancinsa, ya yi ta tari har na tsorata. Mamman ne ya goya shi ya sa a mota.

A asibitin garinmu mun yi layin kati tun hantsi har aka kira azahar. Aka auna jini, lafiya lau. Wani ma'aikaci ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, wani ya ce a'a, wannan ba ɓari ɗaya ba ne, dama da hagu tare suke sauka. Likitan da ya zo daga baya bai ɓata mana lokaci ba, Allah ya saka masa. Ya ce abin yana gangarowa ne daga sama zuwa ƙasa, idan ya kai ƙirji numfashi zai iya tsayawa, mu wuce Sakkwato. Lokacin la'asar ta wuce, kuma yanzu ba mai bin hanya a irin wannan lokaci in yana da zaɓi. Sai Juma'a da sassafe muka tashi, ni da Inna da Mamman. Muna wuce Lambar Bakura kansa ya faɗo kafaɗata, wuyan ya kasa riƙe shi.

A babban asibitin Sakkwato aka sa masa roba ta hanci har ciki don abinci, aka sa masa iskar oksijin. Likitan da ya karɓe mu mutumin Damri ne, ta wajen Bakura, matashi mai sanyin magana. Da ya ji daga inda muke sai da ya gaisa da Inna gaisuwa ta sosai, ina gajiya, ina mutanen gida, ina damana, ina muka ji da mai jiki. Sannan ya tambaya me mara lafiya ya ci kwana ɗaya ko biyu kafin ya fara gani biyu-biyu. Ya ci kifin gwangwani? Ya ci wani abu da ya daɗe a ajiye?

Ban buɗe baki ba Inna ta riga ni.

"Abin da kowa yac ci cikin gida shi yac ci, ɗana. Abu guda na yas sha wanda ba mu sha ba. Hurar ƙanenai."

Mamman yana tsaye a bakin ƙofa da ledar magani a hannu. Ya ce, "Inna, tare munka sha. Ƙwarya guda."

"Mai zuba abu ai ya san makarinai," in ji ta. Ba ta ko dube shi ba.

Daga ranar ta hana shi shiga ɗakin. Ta ce in ɗanta ya mutu to 'ya'ya biyu ta rasa, kuma sai ta ɗaga wa Mamman nono a gaban jama'a. Mamman bai tafi gida ba. Ya koma gindin wata bishiyar dogonyaro a harabar asibiti ya shimfiɗa tabarma. Shi ke bin layin magani, shi ke kai jini ɗakin gwaji, shi ke neman ruwan zafi. Sai ya kawo bakin ƙofa ya kira ni a waya in fito in karɓa. Ni a lokacin ban yarda ya yi ba, ban kuma ƙaryata ba. Hankalina yana kan ƙirjin maigida, ina kallon yadda yake ɗagawa da ƙyar.

Mako na biyu shi ne mafi tsanani. Idanu sun rufe ruf, harshe ya mutu, hannaye sun yi nauyi sai ɗan motsin yatsa da ba a iya dogara da shi. Ƙafafu ne kawai da sauran ƙarfi. Wata nas mai faɗa, wadda da farko na tsane ta, ita ta koya mini juya shi duk bayan awa biyu kada bayansa ya yi gyambo, da goge masa baki, da zuƙe yawun da ke taruwa a maƙogwaro. Tana koya mini tana masifa, amma ko sau ɗaya ba ta bar shi cikin ƙazanta ba. 'Yan dubiya kuwa kowa da nasa. Wata gwaggo ta zo da turaren hayaƙi, aka ce ba a kunna wuta kusa da oksijin, ta yi fushi ta tafi. Wani ya kawo rubutu cikin jarka, nas ta ce ko ɗigo kada ya shiga bakinsa, zai wuce huhu, sai muka riƙa shafa masa a jiki. Abin da jinya ta ci kuwa ba zan tsaya lissafi ba, wanda ya taɓa kwantar da nasa ya sani.

Abin da ya riƙa damuna shi ne wata magana da likita yake maimaitawa kullum idan ya zo zagaye. Yakan ce mu yi hankali da bakinmu, mutumin nan yana jin komai, hankalinsa garau yake. Sai ya ce masa ya motsa ƙafa, ƙafa ta motsa. Ya tsikare shi da tsinke a hannu ya ce in ya ji ya motsa ƙafa, ta motsa. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Yaya mutum zai ji, ya gane, ya so ya ɗaga hannu, hannun kuma ga shi nan da namansa da ƙashinsa ba karaya, amma ya ƙi tashi? A ina saƙon yake maƙalewa?

Wata rana na ji likita yana yi wa ɗalibansa bayani da Turanci, da ya juyo Inna ta ce ya faɗa mana da Hausa. Ya ce yana zargin wani dafi ne da ake kira botulizim, wanda ke kama wani irin kitse a bakin jijiya ya hana ta isar da saƙo. Ya ce akwai makarinsa, amma da farko-farko yake aiki kuma ba a samunsa nan kusa, yanzu sai jinya da haƙuri har jijiyoyin su gyara kansu.

Inna kalma biyu ta ɗauka, dafi da kitse. Kafin la'asar ta buga waya Mafara ta ce likita da bakinsa ya tabbatar, kitse aka zuba masa. Wa ke samun kitsen kura da na damo in ba mahauci mai hulɗa da maharba ba? Kafin kwana biyu labari ya gama kasuwa cewa Mamman ya sa wa yayansa kitsen kura a fura.

Ni kuwa kalmar ta tsaya mini ta wata fuska. Washegari na tare likita a baranda, ina riƙe da kwanon romon da na saya zan karya.

"Likita, ka yi haƙuri, ni ɗiyar mahauta ce. Na san jijiya. Fara ce, tauri gare ta, wuƙa ma sai an danna. Babu kitse a jikinta ko kaɗan. Wane kitse kake faɗi?"

Ya yi murmushi ya ce laifin Hausa ne, da ta haɗa abu uku ta ba su suna ɗaya. Akwai jijiyar jini, akwai agara wadda nake nufi, akwai kuma wadda ke fitowa daga laka, siririya, mai kai saƙo.

"Kin taɓa dahwa ƙwaƙwalwar sa? Ko laka?"

Na ce sau nawa kuwa.

"Mi kika gani bisa ruwan?"

"Maiƙo."

"To shi na."

Ya ce jijiyar saƙo ba ta taɓa tsoka. Tana zuwa dab da ita ta tsaya, da ɗan rata a tsakani wanda ido ba ya gani. A bakin jijiyar akwai 'yan ƙananan jakunkuna cike da wani ruwa, ruwan nan shi ne saƙon. Fatar jakunkunan ta kitse ce, bangon bakin jijiyar ma na kitse ne. Idan mutum ya yi niyyar ɗaga hannu, sai wasu 'yan zare su jawo jaka su manna ta da bango, kitse ya haɗe da kitse, jaka ta buɗe ta waje, ruwan ya zube wa tsoka, tsoka ta motsa.

Na ce ban gane haɗewar ba, ai sai dai jakar ta fashe. Sai ya karɓi cokalina. A saman romon akwai idanun mai suna yawo. Ya tura ƙarami a hankali har ya taɓa babba, sai kawai suka zama ɗaya, ba ƙara, ba ɗinki, ba a ma gane inda ƙaramin ya shiga. Ya ce haka yake faruwa a jikina duk ƙiftawar ido, ba adadi. Na tsaya ina kallon kwanon kamar ban taɓa ganin romo ba. Shekara arba'in ina kwashe maiƙon nan ina zubarwa.

Ya ce shi dafin wayo gare shi. A bayan bangon akwai wani irin kitse na daban mai ɗan sukari a kansa, shi dafin ke kamawa ya maƙale, ya jira. Idan jijiya ta zo mayar da fatar jakarta ciki don ta sake cikawa, sai ya bi ya shige, ya tsinke 'yan zaren nan. Jakunkuna na nan cike, saƙo na nan, amma babu mai kai su bango.

Da na tsaya nan da na huta. Amma sai da na tambaya daga ina dafin yake fitowa. Ya ce wata ƙwayar cuta ce da ke cikin ƙasa da hanjin dabbobi, tana kwance ba ta komai sai ta sami wurin da aka toshe iska, ga laima, ga ɗumi, ga ƙarancin gishiri. Gwangwanin da ya kumbura, ko kifi ko nama da aka nutsar cikin mai aka rufe.

Na daure na ce, to idan gida guda suka ci, mutum ɗaya ya kwanta fa? Ya ce wuta tana kashe dafin. Wanda ya ci bayan an tafasa sosai ya tsira, wanda ya ci da sanyinsa shi ke kwanciya. Ya dube ni ya ce ko akwai abin da na tuna. Na ce babu.

Ga abin da na tuna. Mahaifiyata idan za ta adana naman layya soya shi take yi har ya bushe ƙarau, da gishiri mai yawa, ta zuba a tukunyar ƙasa ta rufe da faifai, bayan 'yan kwanaki ta sake ɗora shi a wuta. Ni a shekarar nan sai na yi dabara. Damina ta sauka, nama ba ya shanyuwa, wutar lantarki babu balle firiji, ga maigida yana kukan haƙori, ba ya iya tauna mai tauri. Sai na soya shi sama-sama da laushinsa, na zuba a wankakken bokitin fenti mai murfin da ke kamawa gam, na narka kitse na kwarara har ya rufe shi, na danne murfi na tura ƙarƙashin gado. Har maƙwabta na yi wa alfahari. Sau biyu na ɗiba na yi miya, kowa ya ci lafiya. Abin da ban sani ba shi ne ko wani ya taɓa bokitin bayan ni.

A farkon mako na uku na ce zan je gida ɗebo kaya in ga yara, waɗanda ke wajen ƙanwata a Garbadu. Na buɗe ɗakina na jawo bokiti. Murfin ya yi tozo. Da na ɓalle shi sai da ya yi tsaki, wani ɗan wari ya taso. A gefe ɗaya ga ramin ludayina. A ɗaya gefen kuwa an yanke kitsen da ya daskare, kusurwa huɗu, santal, an ɗauke da naman da ke ciki. Yara da hannu za su kwasa, ni da ludayi. Wannan yankan wuƙa ne, kuma shekara ashirin da biyu ina ganin yankan mutumin nan. Ya tashi da asuba za shi Faru, bai so ya tashe ni ba, ya yanki guzurinsa ya ci da sanyinsa.

Na juye naman a tukunya na tafasa shi har ya narke, na haƙa rami mai zurfi a bayan gida na binne, bokitin na ƙone shi. Sai da na gama, ina wanke hannu, na gane abin da na yi. Yanzu babu wanda ya sani sai Allah, sai ni, sai wanda ba ya iya magana.

Da yamma Luba, matar Mamman, ta shigo gaishe ni. Idanunta sun kumbura. Ta ajiye sabulu sanda biyu ta ce, "Yaya Kulu, ban kawo abinci ba, kar a ce." Ta ce naman rumfarsu da yaran Mamman ke kula da ita sai ya kwana, ba mai saye, mutane suna cewa wanda ya ba ɗan'uwansa wa zai bari. Ta ce an yi suna a layinsu ba a aiko mata goro ba. Na ce mata Allah ya bayyana gaskiya. Da bakina na faɗi haka, gaskiyar kuwa tana binne taku goma daga inda muke zaune.

Na koma Sakkwato na yi shiru. Kwana biyar na yi shiru, kuma ba zan yi wa kaina ado ba, tsoro ne. Na ji tsoron Inna, na ji tsoron a ce ɗiyar mahauta ta kasa adana nama har ta kwantar da mijinta, na ji tsoron in ya mutu a ce ni na kashe shi. Kullum sai in fita in karɓi magani a hannun Mamman, ya ce, "Matar Yaya, ya ya kwana?" in ce da sauƙi, in juya da sauri. Mutumin da a da muke wasa da shi har ya ce miyata ba gishiri, yanzu na kasa haɗa ido da shi.

Rana ta biyar Inna ta fita alwalar azahar, ina goge wa maigida jiki. Na dube shi kwance, fuska ba motsi. Na tuna likita ya ce yana jin komai. Ashe duk tsinuwar da ake yi wa ƙanensa a kansa ake yi, yana ji, ya san abin da ya ci, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Ni kuwa nawa bakin lafiya lau yake. Na yaye zanen da ke ƙafarsa.

"Maigida, in kana jina, motsa."

Babban yatsa ya motsa.

"Ranar da za ku Faru, ka ci naman bokiti?"

Ya motsa.

"Likita ya ce irin wannan ajiya ce ke kawo dafin. Ni na yi ta." Na matso kusa da kunnensa. "Kana so in faɗa?"

Ba yatsa kaɗai ba, duk ƙafar ce ta shiga bugun katifa, tana bugu, tana bugu, har sai da na dafa ta na ce ya isa, na ji.

Na fita gindin dogonyaro na ce wa Mamman ya taso. Ya ce Inna ta hana. Na ce yau dai ya shigo. Na roƙi nas mai faɗa ta kira mini likita, Inna ma ta dawo daga alwala. A gabansu duka na faɗi komai, tun daga suyar har ramin bayan gida, har kwana biyar ɗin ban ɓoye ba. Likita ya ce tunda ba a auna naman ba ba zai rantse ba, amma labarin ya zauna daram da ciwon, fura kuwa da ita ce da Mamman ma yana kwance. Ya tambaya ko na ba wani gida daga cikin bokitin, na ce a'a, ya ce alhamdu lillahi.

Inna ta juyo ta dube ni.

"Ke?" in ji ta. "Ke da anka haihwa cikin nama?"

Ta ɗauki butarta ta fita. Mamman ya bar bakin ƙofa. Ya matso ya dubi yayansa, karo na farko cikin kwana goma sha tara, ya ja zanen ya rufe masa ƙafafu, shi ma ya fita.

Sauƙi ya zo a hankali, kamar yadda likita ya ce, don sai bakin kowace jijiya ya sake tsiro. A mako na biyar ido ɗaya ya ɗan buɗe. Na shida ya haɗiye cokali guda na koko bai tari ba, nas mai faɗa har da guɗa. Na bakwai aka cire robar hanci. Maganarsa ta farko da muka gane ba wata babba ba ce, cewa ya yi bayansa na ƙaiƙayi. Daga baya ya faɗa mini ya ji ɗan wari a naman, ya ce a ransa cikin mahauci ya wuce wannan. Likita ya ce wani lokacin ma ko warin babu. A mako na tara aka sallame mu, yana tafiya yana dafa Mamman.

Inna ta yi wata biyu ba ta ci girkina ba. Yanzu tana ci, amma sai ta sansana, ni kuma ba na cewa komai, na ja wa kaina. Haƙuri kuwa ba ta ba Mamman da baki ba, ba halinta ba ne. Wata Talata ce ta sa mayafi ta shiga kasuwa da tsakar rana, ita da ta shekara goma ba ta taka layin mahauta ba, ta tsaya a rumfarsa ta ce ya yanka mata tsoka, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Daga ranar ciniki ya fara dawowa.

'Yan'uwana mata, kada ku nutsar da nama mai laushi cikin mai ku toshe shi a roba. Ku soya shi ya bushe, ku sa gishiri, ku bar masa iska, ku riƙa mayar da shi wuta. Duk abin da ya daɗe a rufe, a tafasa shi sosai kafin ya shiga baki, wanda murfinsa ya kumbura kuwa ko kaji kada a ba. Idan mutum ya fara gani biyu-biyu, ido na sauka, ruwa na dawowa ta hanci, ba maleriya ba ce, ku nufi asibiti a ranar. In likita ya tambayi abin da aka ci, ku faɗi duka, har wanda kuke ganin ba komai ba ne.

Ni da Mamman ba mu taɓa tayar da maganar ba sai bayan wata huɗu, ranar da maigida ya fara komawa kasuwa. Mamman ya rako shi gida da la'asar, ya tsaya a zaure, na kai masa ruwa. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya riƙe kofin bai sha ba.

"Matar Yaya, kin san abin da yas sa ban yi ta rantsuwa ba? Ranar da munka yi hwaɗa kan rumhwa, da nik koma gida, nic ce cikin raina Allah shi kwantar da shi in huta. Ban hwaɗa ma kowa ba, ko Luba. Da yak kwanta, sai nic ce to ga ta nan, an amsa. Ban zuba komi cikin hura ba, amma dut kwanakkin da nika zaune gindin iccen nan, ni ɗauka nika yi ni na nik kwantar da shi."

Ya ce kwana goma sha tara bai iya ɗaga hannu ya yi addu'a ba, yana tsoron bakinsa. Ya ce ya yafe mini tun a asibiti, ya sha ruwan ya tafi.

Na daɗe a zauren da kofi a hannu. Cikin kwana goma sha taran nan, goma sha huɗu ƙaddara ce da rashin sani. Biyar nawa ne.